"Birki Ya Tsinke": Na Wace Mota, Kuma Wa Ya Taɓa Shi?



Akwai wata jimla da ta zama gishiri a littattafan Hausa da labaran da ake sakawa a waya. Duk lokacin da marubuci ya gaji da wani tauraro, ko yana son yarinya ta zama marainiya kafin babi na uku, sai ya ɗora mutum a mota, ya hau da shi titi, ya rubuta cewa birki ya tsinke. Daga nan sai salati, sai asibiti, sai zaman makoki. Mai karatu ya share hawaye a wuce wurin. Ba mai tambayar wace mota ce, wane irin birki gare ta, me ya lalace a cikinsa, kuma hannun wa ya taɓa shi daga ƙarshe.

Mu da muka tashi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ba mu da hujjar yarda da irin wannan rubutu. Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal, ya ratsa Aliero da Jega da Maiyama, ya nufi Koko da Yawuri da Kwantagora, a ƙofar gidajenmu yake kwance. A kansa albasar Aliero ke tafiya kudu, a kansa ake shigowa kasuwar Jega, kuma daga kansa ake kwaso da yawa daga cikin masu karayar da ake kai wa masu ɗorin Aliero. Maganar birki a wurinmu maganar ƙafar maƙwabci ce da ran ɗan uwa.

Ra'ayinmu shi ne, babu wani abu guda ɗaya mai suna birki da zai tsinke kamar igiyar guga. Birki iri-iri ne, kowanne da yadda aka tsara shi da yadda yake mutuwa, kuma kusan kowace mutuwarsa akwai mutum a bayanta wanda ya yanke wata shawara. Marubucin da ya san bambancin zai ga wannan mutumin, kuma a wurinsa labarin yake. Za mu ɗauki tsofaffin motoci mu nuna haka, domin a cikinsu bambancin ya fi fitowa fili.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ku ɗauki tukunyar ƙarfe marar zurfi ku kifa ta a bayan taya, tana juyawa tare da tayar. Ita kanikawa ke kira durom. A cikinta akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, an manna musu wani abu mai kaushi a gadon baya. Ƙarafan su ne shu, abin da aka manna kuwa shi ne layinin. Su ba sa juyawa, suna zaune kan wani faranti da ke ɗaure a jikin mota. Direba ya taka birki, masta ta turo mai ta siririn bututu, man ya shiga wata 'yar silinda, fistin ya buɗe shu ɗin nan biyu su dafe cikin durom. Ya ɗaga ƙafa, sifirin ya maido su mazauninsu. Bafaranshen nan Louis Renault ne ya fito da wannan tsari a 1902, lokacin da waya da sandunan ƙarfe ake jan shu. Turawa da mai ta zo daga baya, kuma ba kowa ya karɓe ta nan take ba: kamfanin Ford bai koma birkin mai ba sai a motocinsa na 1939.

To, a nan sirrin yake. Shu biyun da ke cikin durom ɗaya ba aiki ɗaya suke yi ba. Idan silinda na sama, gindin shu ɗin kuma na jingine a ƙasa, to lokacin da mota ke tafiya gaba juyawar durom tana fizgar shu na gaba tana ƙara cusa shi a jikinta, kamar yadda ƙofa ke ƙara cije tsinken da aka soka a ƙarƙashinta. Na baya kuwa juyawar ture shi take yi. Bari mu kira na farko mai cizo, na biyu ɗan rakiya. Mai cizo ya fi aiki nesa ba kusa ba, shi ya sa yake rigan ɗan uwansa cinyewa. Idan mota ta koma ribas sai su yi musayar matsayi. Duk bambancin da ke tsakanin birkin tsofaffin motoci daga wannan cizon ya taso. Wani kamfani ya so ya ninka shi, wani ya bar shi yadda yake, wani ya sa shu ɗaya ya riƙa tura ɗan uwansa.

Kuma duk waɗannan dabaru sun hallara a garejinmu. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas, daga baya Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Bakaniken da ya yi aiki a Jega a shekarun 1980 yana iya kwance tunanin Bafaranshe da safe, na Bajamushe da azahar, na Baturen Ingila da la'asar, da sifana iri biyu a akwatinsa, domin tsohuwar Landiroba da inci take awo, Fijo kuwa da milimita.

Mu fara da Fijo 404, wadda ta fito a 1960, mai giya a jikin sitiyari, mai noti uku kacal a tayar salun. Na farkon durom gare su a ƙafa huɗu, amma na gaba da na baya ba ɗaya ba ne. A gaba silinda biyu aka sa a kowace ƙafa, kowane shu da tasa, an jera su yadda duka biyun za su zama masu cizo idan ana tafiya gaba. Wannan ya ba motar kamu mai ƙarfi ba tare da direba ya karya ƙafarsa ba. Kuɗin da aka biya shi ne, a ribas duka biyun sai su koma 'yan rakiya. Shi ya sa aka bar na baya da silinda ɗaya, mai cizo ɗaya da ɗan rakiya ɗaya, domin ko ta ina motar ta gangara a samu wanda zai cije, kuma a can hambirki yake kamawa.

Landiroba ta fi kowa ba da labari, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Ita ce motar En'e da 'yan sanda da malaman gona da masu allurar shanu, ita ce ke shiga ƙauyen da babu hanya. Daga 1948 har zuwa ƙarshen ƙirar Series III a 1985 durom take amfani da shi gaba da baya. Gajeriyar, mai inci 88 tsakanin ƙafafu, ta daɗe da durom mai faɗin inci 10 da silinda ɗaya. Doguwar, mai inci 109, durom ɗinta inci 11 ne, kuma a gaba silinda biyu ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da ɗan bututu ya haɗa su. Matsalar ita ce, ƙusar da ake kwancewa a fitar da iska a jikin silindar ƙasa take, iska kuwa sama take gudu. Bakanike zai sa yaro ya yi ta taka birki yana buɗewa yana rufewa, mai ya fito tas ba kumfa, a rufe a tashi, feda kuma ta ci gaba da laushi kamar an taka katifa. Wanda ya san motar ya san dabarun da ake yi kafin iskar ta fita. Wanda bai sani ba sai ya ce wa direba ya riƙa bugawa sau biyu, haka motar take. Ga mutum na farko da "birki ya tsinke" ke ɓoyewa.

Ba ta tsaya nan ba. Ana matso shu ɗinta kusa da durom ne da wani ƙarfe mai siffar katantanwa, ana murɗa shi daga bayan faranti, kuma ba ya matsawa da kansa, sai an tuna da shi. Shu na bayan doguwar kuma sun yi kama da juna kamar Hassan da Husaini, alhali mai cizo daban ɗan rakiya daban, kuma idan aka juya su ba za su saitu yadda ya kamata ba. Sai hambirkinta, wanda ba ya cikin ƙafafu ko kaɗan. Wani ƙaramin durom ne na daban a bayan giyabos, yana riƙe sandar da ke kai juyi ga ƙafafun baya. Idan man giya ya yoyo ya jiƙa shi, shi ke nan. Abin da ya fi haɗari, idan aka ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak, wannan hambirkin ba zai hana motar gangarawa ba, domin ƙafar da ke sama za ta juya baya ta ba ta ƙasa damar tafiya. Saboda haka tsohon direban Landiroba ba ya canza taya sai ya sa waigi. Ku duba yadda wannan kaɗai ya isa babi guda: sabon yaron mota da ya saba da Fijo, ya ja hambirki ya amince, ya shiga ƙarƙashi.

Haka in damina ta faɗi aka ratsa ruwa a fadamun Gulbin Zamfara, durom kan riƙe ruwa da laka, birkin ya yi kamar babu shi har sai an ɗan yi tafiya ana dafa shi a hankali ya bushe. Kowace mota mai durom tana da wannan hali, amma mai silinda biyu ta fi nuna shi, domin ƙarfinta duka a kan cizo ya dogara, kuma idan ɓangare ɗaya ya riga ɗaya bushewa sai ta fizge sitiyari.

Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu ke kira Bosuwaja, wani hali ne da ita daban. Yawancinsu durom ne a ƙafa huɗu, silinda ɗaya-ɗaya, tsari mai sauƙi. Sai dai kowane shu da nasa ɗan tauraron ƙarfe da ake juyawa da bakin sukudireba ta wani ɗan rami, wato takwas ke nan a mota. Babu wanda ke juyawa da kansa. Layinin yana ci, feda tana ƙara nutsewa wata bayan wata, mai motar yana sabawa, har ranar da ta taɓa ƙasa. Wannan birki bai tsinke ba, a gaban idon mai shi ya tsufa. Durom ɗin baya kuwa wani ƙaton noti mai milimita 36 ke riƙe shi a kan sandar ƙafa, kuma ɗaurinsa sai an zura dogon bututu a sifana mutum ya hau da nauyinsa. Idan aka ɗaure shi sama-sama, haƙoran da ke cikin durom za su yi ta ci a hankali har sandar ta koma juyawa ita kaɗai. A gaba kuma, notin ƙafar hagu a juye yake: inda ka saba murɗawa ka kwance, nan kake ƙara ɗaure shi. Kowane tsohon bakaniken Bosuwaja ya san yaron da ya taɓa yin gumi a kan wannan notin.

Motocin Amurka na da, irin su Chevrolet da Ford, ba su yi yawa a wajenmu ba, don haka za mu wuce da sauri. Su gindin shu ɗinsu ba a jingine yake ba, wani ƙarfe mai tauraro ne ya haɗa su yana lilo, na gaba ya cije ya tura na baya ya ƙara cijewa. Na gaba gajeren layinin gare shi, na baya dogo. Na baya-bayan suna saita kansu duk lokacin da aka taka birki a ribas, amma ƙarfen saitin na dama da na hagu murɗinsu ya saɓa, kuma idan aka musanya su sai motar ta riƙa sassauta birkinta da kanta.

Wani zai ce waɗannan duk sun zama tarihi, yau wa ke ganin 404 a tashar Jega? Gaskiya ne sun yi ƙaranci. Amma na farko, labaranmu da yawa a wancan zamanin suke faruwa, zamanin kakanni da auren iyaye, kuma motar da ke cikinsu ya kamata ta yi halin zamaninta. Na biyu, durom bai tafi ko'ina ba, baya kawai ya koma.

Ku duba 504, wadda Kaduna ta ci gaba da haɗawa har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Wagon ɗinta da a-kori-kura faifai gare su a gaba, durom a baya. Kuma Peugeot ta saba sayen birki daga kamfanoni biyu, Bendix da Girling, har ya zama motoci biyu masu suna ɗaya, idan ka buɗe durom sai ka tarar shu da sifirin da silinda ba su shiga na juna. Wannan ne dalilin da mai sayar da kayan gyara na ƙwarai ba ya yarda da sunan mota kawai, sai ya ce a kawo tsohon ya gani. Wanda ba na ƙwarai ba sai ya miƙo abin da ke akwai, bakanike ya goge nan da zarto, ya lanƙwasa can, ya shiga da ƙarfi. Direba na tsaye yana duba agogo domin lodi na jiransa. Mutum uku ke nan, kowanne da dalilinsa, kowanne da iyali, kuma babu mugu a cikinsu. Irin wannan wurin ne adabi ke nema.

J5 kuwa, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar albasa da tumatir da mutane, tana da wani abu da ya kamata duk mai rubutu a kan Aliero ya sani. A ƙarƙashinta ta baya akwai wani ɗan bawul da aka haɗa da ƙafafun baya. Aikinsa ya auna yadda motar ta zauna. Idan babu kaya, sai ya rage man da ke zuwa durom na baya don kada tayoyin su kulle motar ta juya. Idan an yi lodi ta zauna, sai ya buɗe hanya. To me muke yi wa motar kaya a ƙasar nan? Ƙara mata ganyen sifirin muke yi don ta ɗauki buhunan da ba a yi ta dominsu ba. Da an ƙara, motar ba ta zama kamar da, bawul ɗin sai ya ɗauka kayan ba su kai yadda suke ba, ya ci gaba da rowar mai. Nauyi ya ƙaru, birkin baya bai ƙaru ba, aikin duka ya koma kan na gaba. Wanda ya ƙara sifirin bai taɓa birki ba, kuma zai iya rantsuwa a kan haka.

Ga kuma zafi. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Ka ninka nauyi, zafin ya ninka. Ka ninka gudu, ya ninka sau huɗu. Durom idan ya yi zafi buɗewa yake yi, yana guje wa shu, feda tana ƙara nisa, layinin kuma yana rasa kamunsa yana wari. Man birki mai lamba DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma yana shan laima daga iska, kuma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa ya zama tururi, feda sai ta tafi ƙasa ba komai. Yanzu ku auna abin da zai faru da motar da man birkinta ya ƙare a hanya aka cika da ruwan sabulu don a ƙarasa gari, ruwan da ke tafasa a digiri 100, aka kuma manta ba a zubar ba. Ko wadda aka zuba wa baƙin mai, robobin ciki suka kumbura. Ko wadda silindar ƙafa ɗaya ta yi yoyo aka daddale bututunta da guduma, ta ci gaba da tafiya da ƙafa uku. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, irin wannan mota tana iya yin wata tana zirga-zirga tsakanin Maiyama da Jega lafiya lau. Sai ranar da ta yi lodin kudu ta haɗu da dogon gangare.

Golf ɗin da ke cike tashoshinmu ita ma yawanci durom gare ta a baya, da wani ɗan waigin ƙarfe da sifirin ke ja yana cike gurbin layinin da ya ci. Boris ɗin ƙafar a cikin durom ɗin yake, wato duk wanda ya buɗe birkin ya taɓa abin da ke riƙe tayar. Babur ɗin 'yan kabu-kabu ba ya amfani da mai, wani ɗan ƙarfe ne mai fāɗi ke juyawa ya buɗe shu. Idan shu ya cinye aka ƙi sayen sabo, aka yi ta ƙara ɗaure noti, ƙarfen yana iya juyawa ya wuce iyaka ya tsaya a gicciye, tayar ta kulle ta ƙi saki. Wannan birki kamawa ya yi har ya kayar da mai shi.

Tirela kuwa da iska take aiki, kuma masu sabon tsari an yi su ne yadda idan iskar ta zube wani ƙaton sifirin zai danne birkin da kansa. Saboda haka idan tirela ta kasa tsayawa, tambayar ita ce ko shu sun cinye, ko an daɗe ba a saita su ba, ko zafi ya kashe su, ko kuwa wani ya ɗaure wancan sifirin don motar ta motsa ya bar shi a haka.

Yanzu mu dawo kan wani salon da ya fi "birki ya tsinke" yawa a labaran kishi da gado, wato a biya bakanike ya yanke birkin motar Alhaji da dare. Da safe Alhaji ya fito, ya yi ribas daga gida, ya bi layi, ya wuce shatale-tale, ya hau babban titi, ya yi tafiyar rabin awa, sannan birki ya ƙi. Ta yaya ya fita daga ƙofar gida bai taka birki ba? Motar zamani mai giyar otomatik ma ba ta barin ka sa giya sai ƙafarka na kan feda, kuma a nan zai ji ta tafi ƙasa. Bayan haka, tsofaffin motoci irin 404 na farko da Landiroba ta da layin mai ɗaya gare su, huda ɗaya ta isa ta kashe ƙafa huɗu. Daga shekarun 1960 aka fara raba layin gida biyu, yadda idan ɗaya ya zube ɗaya zai rage, fitila kuma ta kama a gaban direba. Don haka abin da zai yiwu a labarin 1972 ba lallai ya yiwu a motar da Alhaji ya sayo bara ba. Masu karatunmu akwai direbobi da matan direbobi da yaran gareji, kuma daga wannan shafin suke daina yarda da sauran littafin, ko ba su faɗa ba.

Mun san abin da za a ce. Marubuci ba bakanike ba ne, mai karatu soyayya ya zo nema, ba darasin sifana ba. Mun yarda, kuma ba mu ce a juye duk abin da ke sama cikin labari ba. Layi biyu sun isa: warin layinin da ya shigo ta taga, direban da ke buga feda sau biyu tun daga tasha fasinja na gaba yana kallonsa bai ce komai ba. Amma ba za ka iya zaɓen layi biyun da suka dace ba sai ka san ashirin.

Za a kuma ce haɗari ƙaddara ce. Babu Musulmin da ke musun haka. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi sababi ba, kuma a ganinmu jimlar nan ta "birki ya tsinke" tana yin wani aiki da ya wuce lalaci: tana wanke kowa. Mai motar da ya ce a lallaɓa sai an dawo, mai kayan da ya ƙara buhu biyar, ɗan kamashon da ya cusa mutum a kan kaya, mai shagon da ya sayar da jabun shu a kwalin na asali, duk sun fita. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da gurbi guda a rahotanninta na lalacewar birki, kuma wannan ya ishe ta domin ƙidaya take yi. Mu ba ƙidaya muke yi ba. Idan adabinmu ya ci gaba da nuna wa mutane cewa birki abu ne da ke tsinkewa haka kawai kamar saukar aradu, to yana taya su zama da abin da za a iya gyarawa da kuɗin da bai kai na ɗori ba.

Inda za a samo ilimin ba nisa. A bakin titin Jega da sauran garuruwanmu har yanzu akwai dattawan da suka koyi aiki a kan Fijo da Landiroba, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake da Hausa ba. Ba sa ƙaruwa, raguwa suke yi. Ka je da yamma lokacin da aiki ya lafa, ka yi sallama, ka ce Baba sannu da aiki, ka faɗi abin da ya kawo ka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kada ka gyara masa suna. Idan ya ce durom, rubuta durom, kada ka je ka ƙirƙiro wata doguwar kalma da ba mai gane ta a gareji. Idan kuma bakaniken labarinka mutumin Jega ne, bar shi da harshensa. Wanda zai ɗaga shu ya ce "wanga ba nata na ba" kada a mayar da shi Bakano don a burge masu karatu na wani wuri. 'Yan uwa mata da shiga gareji zai yi wa wuya, akwai yaya ko ƙane ko kawu direba a kusan kowane gida, kuma ba abin da direba ke so kamar a tambaye shi labarin mota.

Abu ɗaya na kiyayewa: idan an buɗe durom a gabanka, ka ja baya daga baƙar ƙurar da ke ciki, kada kuma ka bari yaro ya hure ta da baki. Tsofaffin layinin da asbestos ake yin su, kuma ƙurarsa tana zama a huhu ta yi ɓarna bayan shekaru. Wannan ma labari ne da ba mu ga an taɓa ba, na tsohon bakanike mai tari da kowa ke cewa sanyi ne.

Idan Baba ya miƙo maka shu biyu daga ƙafa ɗaya, ka jera su ka duba wanne ya fi cinyewa, ka tambaye shi wanne ne na gaba. Ka duba ko layinin a bushe yake ko ya jiƙe, idan ya jiƙe ka shinshina ka ji man birki ne ko man giya, domin kowanne wurin yoyonsa daban. Ka sa yatsa a cikin durom ka ji ko ribiti ya tsaga shi. Sannan ka tambaye shi wace mota ce ta fi ba shi wahala a rayuwarsa, ka gyara zama.